NAZARI: Barno a shekara 50: Yadda jiha guda ta taru a cikin birni guda

Wanda ya san yaren Barebari, idan ya ratsa Maiduguri yana nazarin sunayen unguwanni, zai haɗa rabin tarihin garin ba tare da ya buɗe littafi ba. Ɗafin "ri" a ƙarshen suna yana nufin mazaunin wani. Shehuri ita ce unguwar Shehu, Hausari ta Hausawa ce, Moduganari kuwa mazaunin Modu Gana ne, wato Modu ƙarami. Unguwar Fezzan tana tuna wa mutane fataken da suka riƙa ratso Sahara daga ƙasar da ake kira Libiya a yau. Sunayen suna nuna cewa wani ne ya taso daga wani wuri ya kafa bukka, jama'a suka biyo shi, har wurin ya zama unguwa.

Da haka birnin ya ginu tun daga 1907, kuma da haka yake ta kumbura har yanzu. Abin da ya canza shi ne dalilin zuwan mutane. A da fatauci da neman ilimi da aikin gwamnati ke kawo su. A shekaru goma sha biyar da suka wuce, tsoro ne ya fi kawo su.

Ranar 3 ga Fabrairu, 2026, Jihar Barno ta cika shekara 50 da kafuwa. A irin wannan rana ce a 1976 Janar Murtala Mohammed ya raba Jihar Arewa maso Gabas gida uku, aka samu Bauchi da Barno da Gongola, kwana goma kafin a kashe shi. Irin wannan lokaci ya kan zo da lissafin gadoji da makarantu da gidajen da aka gina. Amma tambayar da ta fi damun mazaunin Moduganari, wanda gidansa ke ɗauke da dangin da suka gudo daga ƙauye, ita ce: yaushe sauran sassan jihar za su zama wurin da mutum zai zauna ya yi noma, ya kwana da ido biyu a rufe? Amsar tana da saiwa a cikin abin da ya faru tun kafin a haifi jihar.

Birnin da Turawa suka zaɓa

Barno ta daɗe tana sauya hedikwata. Birnin Ngazargamu, wanda Mai Ali Gaji ya kafa a ƙarni na 15, ya faɗi a hannun masu jihadi a 1808. Shehu Muhammad al-Amin al-Kanemi, wanda ya ceto daular, ya gina Kukawa a 1814, zuriyarsa kuma ta gaji mulki ɗungurungum bayan ƙarewar gidan Saifawa a 1846. A 1893 Rabe ya taso daga gabas da bindigogi, ya ƙone Kukawa, ya mayar da Dikwa cibiyar mulkinsa. Shekara bakwai ya yi yana tatsar ƙasar, kafin Faransawa su kashe shi a Kusuri ranar 22 ga Afrilu, 1900.

Ke nan Turawa sun tarar da Barno a jigace. Faransawa suka maido da gidan al-Kanemi kan gado a Dikwa, amma suka ɗora wa Shehu biyan maƙudan kuɗi a matsayin ladar kawar da Rabe. A 1902 Shehu Abubakar Garbai ya tsallako ɓangaren Ingilishi, waɗanda suka kafa sansanin soja a Mafoni. Ya zauna a Monguno, ya gwada farfaɗo da Kukawa, abin bai yiwu ba. A 1907 aka gina masa sabon gari a gefen Kogin Ngadda, kusa da sansanin Turawa da wani ƙauye mai suna Maiduguri. Aka raɗa wa sabon garin suna Yerwa.

Kukawa tana fuskantar Tafkin Chadi da hanyoyin Sahara, inda arzikin Barno ya dogara shekaru aru-aru. Yerwa kuwa an zaɓe ta ne don ta yi kusa da Razdan, kuma ta fi sauƙin sadarwa da Kano da sauran ƙasar da Ingilishi suka mallaka. Daga nan Barno ta juya wa gabas da arewa baya, ta koma kallon yamma da kudu. Ƙasar da ta kasance tsakiyar mahaɗar fatake ta zama lardin ƙarshe a gefen taswira.

Iyakar da ta yanka daula uku

Rabon da Turawa suka yi wa juna ya tsaga Barno. Ingila ta ɗauki mafi girman kaso, Faransa ta riƙe arewa da gabashin tafki, inda Nijar da Chadi suke a yau, Jamus kuma ta samu Dikwa a cikin Kamaru. Aka wayi gari akwai Shehu biyu daga gida ɗaya, ɗaya a Yerwa, ɗaya a Dikwa. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, Dikwa ta koma hannun Ingila a matsayin ƙasar riƙon amana, a 1942 aka mayar da hedikwatarta Bama, kuma sai bayan ƙuri'ar raba gardama ta Fabrairun 1961 ta zama cikakken yanki na Najeriya.

Wannan iyaka ba ta taɓa hana makiyayi ko masunci ko ɗan kasuwa ratsawa ba, domin dangi ne a kowane ɓangare. Amma ta hana hukuma ɗaya iko da yankin baki ɗaya. Duk wanda ya yi laifi a Gamboru zai iya tsallaka gada ya kwana a Fotokol. Wannan giɓi, da ya amfani 'yan fasa-ƙwauri shekaru da dama, shi ne daga baya ya amfani masu ɗauke da makamai.

A cikin gida kuwa, mulkin En'e ya tattara iko a fadar Shehu da hakiman da ake turawa gundumomi don karɓar haraji da jangali. Gyaɗa da fata da ƙaro suna fita, amma abin da ke komawa ƙauye bai taka kara ya karya ba. Ilimin boko ya shigo a makare kuma a taƙaice a arewacin lardin, inda tsangaya ke da tsohon tushe. A kudu, inda 'yan mishan suka kafa tasha a Garkiɗa a 1923, daga baya kuma makarantun Waka a Biu, boko ya riga ya yi nisa a tsakanin Babur da Bura da Margi. Wannan bambanci na ilimi da na iko, inda wani ɓangare ke da takardu, wani kuma ke da kujera, yana nan a siyasar jihar har gobe.

Gab da samun 'yancin kai, Barno ta fitar da fuskoki biyu na siyasa. Akwai Kashim Ibrahim, Wazirin Barno, wanda ya zama Gwamnan Jihar Arewa daga 1962 zuwa 1966, yana wakiltar tafiya tare da NPC da sarakuna. Akwai kuma Ibrahim Imam da ƙungiyar matasan Barno ta BYM, wadda aka kafa a 1954, ta yi ƙawance da NEPU, tana ƙorafi kan zaluncin ma'aikatan En'e. An murƙushe BYM kafin ta yi nisa, amma koken da ta ɗauko, na talakan da ba ya ganin amfanin hukuma sai ranar haraji, bai mutu tare da ita ba.

Shekarun babban buri

Jirgin ƙasa ya isa Maiduguri a 1964, da taimakon rancen farko da Bankin Duniya ya bai wa Najeriya a 1958. A 1967 Janar Yakubu Gowon ya mayar da garin hedikwatar Jihar Arewa maso Gabas, mafi faɗi a cikin jihohi 12, ƙarƙashin Musa Usman. Jami'ar Maiduguri ta zo a 1975. Muhammadu Buhari ne ke gwamna lokacin da aka raba jihar a 1976. Ma'aikata da 'yan kwangila da ɗalibai suka cika garin, unguwanni irin su Moduganari da Gwange da Bulunkutu suka yi ta faɗaɗa fiye da yadda masu tsara gari suka tanada.

Gwamnati ta yi yunƙuri ɗaya babba na kai arziki karkara. An kafa Hukumar Raya Yankin Tafkin Chadi a 1973, aka haƙa magudanai a yankin Marte don noman alkama da shinkafa a dubban kadada da ruwan tafki. An tsara aikin ne bisa tafkin shekarun 1960, wanda faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000. Farin shekarun 1970 da na 1980 ya sa ruwan ya ja da baya, har a wasu shekarun bai kai kashi ɗaya cikin goma na wancan faɗi ba. Magudanai suka bushe, injuna suka yi tsatsa. Manoma da masunta suka bi ruwan zuwa tsibirai, inda babu makaranta, babu asibiti, babu ofishin 'yan sanda. Kasuwar banda ta Baga ta bunƙasa, kifi yana tafiya har kudancin Najeriya, amma hukuma ba ta bi jama'ar zuwa can ba.

A siyasa, Barno ta saba tafiya hanyarta. A 1979 ta zaɓi Mohammed Goni na jam'iyyar GNPP ta Waziri Ibrahim, a lokacin da NPN ke mulki a Legas. A Janairun 1980 gwamnatin tarayya ta kama Shugaban Masu Rinjaye na Majalisar Dokokin jihar, Shugaba Abdurrahman Darman, ta kai shi Chadi bisa zargin ba ɗan Najeriya ba ne. Kotu ta soke korar. Wannan shari'a ta nuna yadda iyakar Turawa ke iya zama makami a hannun mai mulki, a yankin da kusan kowane gida ke da jini a ƙetare.

Alamar gargaɗi ta bayyana a Oktoban 1982, lokacin da mabiyan Maitatsine suka yi arangama da jami'an tsaro a Bulunkutu, aka yi asarar rayuka masu yawa. Matasa ne da suka baro ƙauye, birni bai ba su komai ba. An kwantar da tarzomar da ƙarfin bindiga, ba a taɓa tushen ta ba. A 1991 aka cire Yobe, Barno ta rage da ƙasar da take da ita a yau, mai ƙananan hukumomi 27.

Lokacin da karkara ta zube cikin birni

Rikicin Yulin 2009 a cikin Maiduguri ya fi ƙamari, a kusa da tashar jirgin ƙasa, inda Mohammed Yusuf ke da cibiyarsa. Bayan kashe shi a hannun 'yan sanda ranar 30 ga wannan wata, mabiyansa suka ɓuya, suka dawo da kisan ɗauki-ɗaiɗai. Dokar ta-ɓaci ta Mayun 2013 da tasowar matasan 'yan kato-da-gora a tsakiyar wannan shekara sun kore su daga cikin gari. An ceci birni, amma wutar ta koma ƙauyuka, inda hukuma ba ta da ƙarfi tun asali.

A 2014 aka sace ɗalibai mata 276 a Chibok, Gwoza da Bama suka faɗi, Baga ta biyo baya a Janairun 2015. Sojoji sun ƙwato manyan garuruwan a 2015, amma jama'a sun riga sun kwarara Maiduguri. Mafi yawansu ba su shiga sansani ba, a gidajen 'yan uwa da kangaye da filayen bakin kogi suka raɓa. Hukumar Raya Ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa zuwa ƙarshen 2020 rikicin ya jawo mutuwar kimanin mutum 350,000 a Barno da Yobe da Adamawa, mafi yawansu ta hanyar yunwa da cuta, ba harsashi ba.

Rana ɗaya ta isa ta nuna girman matsalar. Ranar 28 ga Nuwamba, 2020, jihar ta yi zaɓen ƙananan hukumomi na farko cikin shekara 13. A wannan rana ce aka yi wa manoman shinkafa aƙalla 43 daga Zabarmari yankan rago a gonakin Koshebe, tafiyar da ba ta da nisa daga Maiduguri. A Janairun 2021 kuma aka lalata turakun wutar lantarki da ke shigowa daga Damaturu, garin ya daɗe a cikin duhu, har sai da aka gina masa tashar wuta mai amfani da iskar gas, mai ƙarfin megawat 50, wadda aka buɗe a 2023. Birnin da aka tara komai a cikinsa ya zama kamar tsibiri mai igiya ɗaya.

Ruwan Alau

Daren 9 zuwa wayewar 10 ga Satumba, 2024, Madatsar Ruwa ta Alau, wadda aka kammala a 1986 a kan Kogin Ngadda, ta ɓalle. Ruwan ya bi hanyarsa ta asali, ya tarar an yi gine-gine a kanta. Ya shiga fadar Shehu da Kasuwar Monday da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri da gidan namun daji na Sanda Kyarimi. Fursunoni 281 suka tsere bayan katangar gidan yari ta rushe. Hukumomi sun ce ambaliyar ta shafi kimanin mutum miliyan ɗaya, ta raba wajen 400,000 da muhallansu. Sansanin Bakassi, wanda gwamnati ta rufe a 2021, sai da aka sake buɗe shi.

Ba wannan ne karo na farko ba, domin an yi irin ta a 1994. Bambancin shi ne yawan mutanen da ke zaune a kwari cikin shekara 30 da suka biyo baya. Unguwannin da ke kusa da hanyar ruwa, irin su Gwange da Moduganari, su ne masu arhar haya da fili, don haka nan mai ƙaramin ƙarfi da ɗan gudun hijira ke iya samun wurin sa haƙarƙari. Wanda ya tsere wa bindiga a Bama ko Marte, ruwa ya same shi a inda ya fake.

Akwai darasi a abin da ya faru a Jihar Luwiziyana ta kudancin Amurka. A Agustan 2005 guguwar Katrina ta fasa katangun da ke kare birnin New Orleans, ruwa ya mamaye kusan kashi 80 cikin 100 na garin, kuma talakawan da ke zaune a kwari ne suka fi jin jiki. Gwamnatin Amurka ta kashe sama da dala biliyan 14 wajen sake gina kariyar. Duk da haka, unguwannin marasa ƙarfi ne suka fi daɗewa ba su farfaɗo ba, wasu mazaunansu ba su taɓa komawa ba. Gyaran katanga ya kan zo da wuri, gyaran rayuwar talaka ne ke jan ƙafa. Gwamnatin Tarayya ta amince da Naira biliyan 80 don sake gina Alau a farkon 2025. Aikin ya zama dole, amma ba zai rage cunkoson da ke ƙasan madatsar ba.

Abin da ke gaba

Manufar Gwamna Babagana Zulum tun 2019 ita ce juya akalar wannan kwarara: rufe sansanoni a Maiduguri, gina gidaje a garuruwan asali, da mayar da jama'a. Hujjarsa mai ƙarfi ce. Ba a gina jiha da rabon abinci, kuma ƙasar da aka bari babu kowa ta zama ta 'yan ta'adda. Masu suka, ciki har da ƙungiyoyin agaji da na kare haƙƙin ɗan Adam, suna cewa an mayar da wasu wuraren da ba za su iya fita gona nesa da ramin da sojoji suka haƙa a kewayen gari ba. Dukkan ɓangarorin suna da gaskiya a bakinsu. Shi kansa gwamnan ya yi gargaɗi a Afrilun 2025 cewa jihar na fuskantar koma baya a fagen tsaro, kuma harin da aka kai Marte a watan da ya biyo ya tabbatar da maganarsa.

Abubuwa uku ne za su nuna ko shekaru masu zuwa za su bambanta da na baya.

Na farko shi ne ƙaramar hukuma. Mayar da mutane gida ba ya ɗorewa idan shugaban ƙaramar hukuma da alƙali da malamin makaranta da ma'aikacin jinya suna kwana a Maiduguri. Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli, 2024, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, zai fi ma'ana a Abadam da Guzamala da Kala-Balge fiye da ko'ina a Najeriya, idan har an aiwatar da shi kuma an sa ido a kan kuɗin.

Na biyu shi ne iyaka. Arzikin Barno na kifi da shanu da hatsi da fatauci ne da Chadi da Kamaru da Nijar. Hanyoyin Gamboru da Banki da Damasak su ne jijiyoyinta. Ficewar Nijar daga rundunar haɗin gwiwa ta yankin Tafkin Chadi a Maris 2025 ta raunana tsaron gefen arewa. Wannan lamari ne da ya fi ƙarfin gwamnan jiha, yana hannun Abuja, inda ɗan jihar, Kashim Shettima, ke Mataimakin Shugaban Ƙasa.

Na uku shi ne rabon iko a cikin gida. Wa'adin Zulum zai ƙare ranar 29 ga Mayu, 2027. Tun daga 1979 ba a taɓa zaɓen gwamna daga Kudancin Barno mai ƙananan hukumomi tara ba, kuma buƙatar kafa Jihar Savannah daga yankin tana cikin jerin da kwamitin gyaran tsarin mulki na Majalisar Wakilai ya bayyana a 2025. Ko ba a samu sabuwar jiha ba, abin da ke ƙarƙashin buƙatar shi ne jin cewa komai a Maiduguri yake ƙarewa. Mutumin Kukawa ma yana da irin wannan koke, ko da yake yarensa ɗaya da masu mulki.

Barno ta ga rushewar Ngazargamu da ta Kukawa, ta kuma miƙe bayan kowace. Wannan tarihi ne ke sa mutanenta haƙuri da alfahari. Sai dai a lokutan baya, idan hedikwata ta faɗi, karkara ce ke riƙe jama'a har a gina wata. A wannan karon karkarar ce ta faɗi, hedikwata ke ɗauke da kowa, kuma ambaliyar 2024 ta nuna iyakar abin da za ta iya ɗauka. Ma'aunin da ya fi dacewa a auna shekaru masu zuwa da shi yana cikin gidajen Moduganari da makamantansu: mutum nawa ne suka tattara kayansu suka koma Marte ko Gwoza ko Baga bisa raɗin kansu, suka yi damina biyu ko uku a can, ba su sake dawowa da gudu ba.